Tattalin Gida: Rage Kashe Kuɗi Tare da Kare Muhalli

  Iyayenmu mata da ke madafi yanzu haka rediyo na gefe, sannunku da aiki. Magidanta da ke kasuwa ko gona ko bakin sana'a, Allah ya ba da sa'a.

Yau a kan kuɗi za mu tattauna, kuɗin da aka riga aka sha wahala aka nemo, suka shigo gida, sannan suke salwanta ba a ankara ba. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, babu gidan da bai ji a jikinsa ba. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta wuce naira 1,000 a wurare da yawa. Kuɗin mota ya tashi, sai hatsi da itace da gawayi da ruwa suka bi sahu. Har 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, da suka saba da man Najeriya mai rahusa, abin bai ƙyale su ba. Farashin kasuwa ba a hannunmu yake ba. Amma yawan itacen da muke turawa a murhu, da ruwan da muke zubarwa, da kayan miyan da muke bari su ruɓe, waɗannan kam a hannunmu suke.

Wasu na ɗaukar maganar kare muhalli a matsayin ta 'yan boko da masu hannu da shuni. Ni ban yarda da haka ba. Mai ƙaramin ƙarfi ne ya fi kowa cin ribarta, domin shi ne asarar naira 500 take hana wa barci. Kusan duk abin da zai rage wa gida kashe kuɗi, za ku tarar ya rage wa daji sara, ya rage wa unguwa shara, ya rage wa ƙirji hayaƙi.

Mu fara da murhu, don nan ne kuɗi suka fi ƙonewa. Murhun duwatsu uku da muka gada, masana da suka auna shi sun gano cewa cikin zafin da itace ke bayarwa, abin da ke shiga tukunya bai cika wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba. Sauran duk iska ke kwashewa ta gefe. Uwargida, ki tuna yadda ƙafafunki ke ɗaukar zafi in kina tuƙa tuwo. Wannan zafin da kuɗi aka saye shi, kuma ba ke aka saya wa ba, tukunya aka saya wa.

Maganin abin ba sabo ba ne. A Nijar an daɗe da sanin murhun ƙarfe da ake kira Mai Sauƙi, da na laka da ake kira Albarka. A Kaduna akwai ƙungiyar DARE da ta yi shekaru tana haɗa murhun Save80, wanda masu shi suka ce yana rage cin itace da kusan kashi 80 cikin 100 in aka kwatanta da duwatsu uku. Dabarar duka ɗaya ce: a killace wuta, a bar mata ƙofa guda ta shan iska, tukunya ta nutse cikin murhu yadda harshen wuta zai lashi gindinta da gefenta kafin ya fice. Wanda ba shi da kuɗin na ƙarfe, laka ba a sayenta a yawancin garuruwanmu. A kwaɓa ta da kashin jaki ko na shanu da busasshiyar ciyawa, a bar ta ta tsumu kwana biyu ko uku, a gina ta kewaye da duwatsun daidai girman tukunyar da aka fi girki da ita. Tsakanin tukunya da bangon murhu a bar kamar kaurin yatsa, don hayaƙi ya sami hanya. In tazarar ta yi yawa zafi ya gudu, in ta matse wuta ta shaƙe. A bar shi ya bushe sarai a inuwa kafin a hura, in ba haka ba zai tsattsage.

Bari mu yi lissafi, don magidanta su ji da kyau. A ce gidanku na sayen itacen naira 1,000 kullum. Kada ma mu kai ga kashi 80, mu ce murhun ya rage kashi ɗaya cikin uku kawai. A wata kun tsira da kusan naira 10,000, a shekara kusan 120,000. Kowa ya sa farashin garinsu ya buga nasa lissafin.

Akwai kuma abubuwan da ko sisi ba sa ci. Rufe tukunya da murfi. Jiƙa wake tun da dare, ya kwana a ruwa, da safe ya nuna cikin ɗan lokaci. Faskara itace ƙanana a shanya shi, domin ɗanyen itace sai ya ƙone wani kaso na ƙarfinsa wajen busar da kansa kafin ya fara dafa miki komai, ga hayaƙi mai sa hawaye. Haɗa kayan girki tukuna, a yi jajjage, a wanke shinkafa, sannan a hura wuta, ba a hura ta tana ci ana neman wuƙa ba. In ruwa ya tafasa a janye itace, don tafasa mai ƙarfi ba ta fi tafasa a hankali saurin nunar da abinci ba. Zafin tafasasshen ruwa ɗaya ne. In an sauke kuma a kashe ragowar bakin wuta da yashi, gobe a tashi da shi.

Dabarar da na fi so in ga ta shiga kowane gida ita ce ta kwandon girki. A sami babban kwando ko kwali, a shimfiɗa masa tsofaffin tsummoki ko auduga ko ƙaiƙayi a cikin buhu, ƙasa da gefe, a yi masa matashi na rufewa. Shinkafa in ta tafasa kamar minti 5, a sauke ta da murfinta, a sa cikin kwandon, a rufe ruf. Bayan minti 40 za a tarar ta nuna, ba ta kama ba, ba ta ƙone ba. Waken da aka jiƙa, a tafasa shi sosai kamar minti 20, a sa a kwando awa 2 zuwa 3. Zafin da ke cikin tukunyar ne ke ƙarasa aikin, tsummokin dai hana shi fita suke yi. Sharaɗi guda: kada a riƙa buɗewa ana leƙawa, kuma in abincin ya daɗe har ya huce, a sake tafasa shi kafin a ci. Mai amfani da gas ma wannan dabara za ta sa tukunyar gas ɗinta ta ƙara kwanaki.

Ina magidanta? Wannan magana taku ce, don ku ke ba da kuɗin cefane, amma ba ku ke zama cikin hayaƙin ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gidaje na sanadin mutuwar mutane kusan miliyan 3 a duniya duk shekara, kuma mata da ƙananan yara ne suka fi shaƙarsa. Jaririn da ke goye a bayan uwarsa tana fifita wuta, abin da take shaƙa shi yake shaƙa. Tari da ciwon ido da ciwon haƙarƙarin yara da ake ta kai wa asibiti, wani kason daga madafi ya taso, kuma kuɗin maganin daga aljihunka yake fita. Malam, in ka saya wa iyalinka murhu mai kyau, ka fitar wa madafi taga, ba alfarma ka yi ba, haƙƙi ka sauke. Sannan don Allah a daina hura wuta da leda ko tsohon takalmin roba. Hayaƙinsu guba ne, ashana da ɗan kara ko ƙirare sun wadatar.

Shi kuwa daji, duk wanda ya manyanta shaida ne. Inda ake zuwa yin itace da ƙafa a dawo kafin azahar, yanzu sai mota. Gawayi ya fi ɓarna, domin a yadda ake ƙona shi a gargajiyance, sai an cinye kilo 5 zuwa 10 na itace kafin a sami kilo guda. Ƙirya da marke suna ƙarewa, har an fara afka wa kaɗanya da ɗorawa, itatuwan da ke ba mu man kaɗe da daddawa. Yadda daji ke ƙara nisa, haka kuɗin dako ke ƙaruwa, haka ƙullin itace ke ƙanƙancewa a hannun mai sayarwa. Amma abin na gyaruwa. A jihar Maraɗi, tun daga 1983, wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo tare da manoman yankin suka farfaɗo da dabarar barin kututture ya tofo, a zaɓi rassa masu ƙarfi a rage sauran, abin da ake kira sassabin zamani. An ƙiyasta cewa itatuwa kusan miliyan 200 ne suka dawo a kan hekta miliyan 5 a Nijar. Matan da a da suke yini neman itace, da yawansu yanzu daga rassan gonar gidansu suke samu.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan yadda gida zai rage kashe kuɗi ta hanyoyin da ba sa cutar da muhalli. Mun baro murhu, bari mu leƙa wajen kayan miya.

Sau nawa ake sayo tumatir da tattasai da rahusa, bayan kwana uku rabi ya tafi bola? Maganin wannan ɗan ƙasarmu ne ya yaɗa shi har duniya ta san da shi. Marigayi Malam Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jigawa da ke Dutse, wanda ya fito daga gidan maginan tukwane, shi ne ya bazu ƙauyuka da dabarar randa cikin randa, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ga yadda ake yi. A sami tukwanen ƙasa biyu, babba da ƙarama, waɗanda ba a shafe su da fenti ko siminti ba. A zuba yashi a gindin babbar, a zaunar da ƙaramar a ciki, a cike tsakaninsu da yashi, a jiƙa shi sharkaf. A zuba kayan miya a ƙaramar, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Safe da yamma a ƙara wa yashin ruwa. Ruwan na tsattsafowa ta jikin babbar tukunyar yana bushewa, yana tafiya da zafin da ke ciki, kamar dai yadda ruwan randa ke yin sanyi. A gwajin da Malam Bah Abba ya yi, yalo ya kai kwana 27 maimakon 3, tumatir da tattasai suka kai mako 3, alayyahun da ke yaushi a yini guda ya kai kwana 12. Dabarar ta fi aiki a lokacin rani da bazara, sa'ad da iska ke bushe. Da damina ƙarfinta na raguwa. To ai lokacin zafin ne muka fi bukatarta.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, an koyi wannan dabara a Sudan da wasu ƙasashe, alhali a garuruwanmu akwai gidaje da yawa da ba su taɓa jin labarinta ba. Ba ta cin lantarki, ba ta cin mai, kuɗin da aka kashe kuma maginiyar tukwane ta unguwa ce ta samu. Haka ruwan sha: gidan da ke da randa mai murfi da moɗa mai tsabta ba ya bukatar sayen ƙanƙara kullum. In kaka ta yi kuma tumatir ya faɗi, a yanka a shanya a kan tabarma mai tsabta, a rufe da yadi mai shara-shara saboda ƙuda da ƙura, a adana kauɗa. Kuɓewa da kuka da zogale haka. Iyayenmu ba sa zubar da tuwon dare, ɗumame ne da safe. Ƙanzo ma jiƙa shi ake yi a yi kwaɗo. Kada zamani ya sa mu ji kunyar wannan.

Sai ruwa. Mazauna Kano da Gusau da Damagaram sun san abin da kurar ɗan garuwa ke ci a wata. Famfon da ke ɗiga sau ɗaya a daƙiƙa yana zubar da fiye da lita 20 a kwana guda, kusan jarka ke nan, alhali ɗan robar da za a canza masa bai kai kuɗin kura ɗaya ba. Ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana alwala da mudu guda na ruwa, abin da bai kai lita ɗaya ba. Mu duba yadda muke sakin famfo yana zuba muna alwala, mu koma wa buta. Ruwan alwala da na wankin shinkafa da na ɗaurayar kayan miya, a tara a bokiti a ba shuka. Zogale biyu, da ɗan fegin rama da yakuwa da alayyahu a bayan ɗaki, sun rage kuɗin cefane. Ruwan da ke da sabulu ko omo da yawa dai a kai shi wajen share tsakar gida ko ban-ɗaki, kada a zuba wa ganyen da za a ci.

Ruwan sama kuwa kyauta yake sauka muna kallo yana bin kwata. Duk milimita guda da ta sauka a kan murabba'in mita guda na rufi, lita guda ce. A yankin Kano ana samun wajen milimita 800 a damina mai kyau. Ke nan rufin kwano mai murabba'in mita 50 na iya zubo da lita kusan 40,000, jarka 1,600 ta lita 25. Ba duka za a iya tarewa ba, amma da indararo da duro biyu, wanki da wanka da wanke-wanken damina sun fita daga lissafi. A bar ruwan farko ya wanke ƙurar rufi ya wuce, a rufe duron kada sauro ya yi ƙwai, wanda za a sha kuma a tafasa.

Lantarki ba zan daɗe a kansa ba, don lissafinsa a fili yake. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da lantarki ta NERC ta mayar da kuɗin wutar 'yan rukunin Band A naira 225 kowane yunit. Tsohon ƙwan fitila mai wat 60, in yana ci awa 6 kullum, a wata zai sha kusan yunit 11, sama da naira 2,400 a wancan farashi. Ƙwan LED mai wat 9 da ke ba da haske daidai da shi bai kai yunit 2 ba, ƙasa da naira 400. Ƙwai ɗaya ke nan. Sauran rukunoni kuɗinsu bai kai haka ba, amma ratar tana nan. Abubuwan da ke zuƙe katin mita su ne masu yin zafi: dutsen guga, da hita, da risho na lantarki. A tara guga a yi ta sau ɗaya, ruwan wanka kuma a ajiye shi a rana cikin baƙin bokiti. Na san wanda ba shi da mita, ana kawo masa bil na ƙiyasi, zai ce ko ya kashe fitila ba ya gani a ƙasa. Gaskiyarsa, shi ya sa neman mita ya zama wajibi ga duk mai hali. Mai tayar da janareta don ƙwai uku da cajin waya kuwa, ya tara kuɗin man wata biyu ko uku ya kwatanta da farashin ƙaramar sola. Kuma kada a kuskura a kwana da janareta a cikin ɗaki ko a rufaffen lungu, gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari amma tana kisa.

Leda ma na cin kuɗi, ko da a kyauta aka ba ka. Ku tambayi mahauta abin da suke cirowa daga tumbin awaki da shanu. Tunkiyar da uwargida ta yi wata shida tana kiwo don Sallah, sai ta bushe tana ramewa, a yi ta sayen magani, ashe leda ce ta cushe mata ciki. Ita ce kuma ke toshe magudanan ruwa, damina ta zo ruwa ya shiga ɗakuna, katanga ta faɗi. Ruwanda ta hana ledar cefane tun 2008, Kenya ta bi a 2017. Mu kuwa, kwando da jakar yadi da kwano mai murfi na sayen koko da ƙosai suna nan. Sharar gida kuma a raba ta biyu. Ɓawon kayan miya da toka da kashin awaki da na kaji a tara a rami, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa, bayan 'yan watanni taki ne. A da jakai ke fita daga birnin Kano da mangalar taki zuwa gonakin karkara, su dawo da itace, da haka ƙasar kewayen Kano ta yi ɗaruruwan shekaru ana noma ta ba hutu. Yau da buhun takin zamani ya fi ƙarfin ƙaramin manomi, bai kamata mu cakuɗa wannan arziki da leda mu banka masa wuta ba.

Na san abin da ke ran wasunku: murhun ƙarfe da sola da duro duk sai da dunƙulallen kuɗi, talaka kuwa kullum ta Allah yake yi, shi ya sa yake sayen na yau kawai ko da ya fi tsada a ƙarshe. Wannan damuwa ce ta gaskiya. Amma da yayyafi kogi kan cika. A fara da waɗanda ba sa cin komai: murfi, jiƙa wake, busasshen itace, kwandon girki, murhun laka. Abin da aka rage a jefa shi a asusu, kada ya narke cikin cefane. Matan unguwa kuma da ke adashin biki da na kayan ɗaki, ku buɗe zubi guda na murhu da sola, duk wadda ta kwasa ta saya, har ya zagayo kan kowa. In kun haɗu kuka saya da yawa, mai sayarwa ma zai rage muku.

Lokaci ya cim mana. Roƙona ga kowane gida shi ne, daga yau zuwa mako mai zuwa a rubuta abin da aka kashe a itace ko gawayi ko gas, da ruwa, da wuta. Mako na biyu a ɗauki biyu cikin dabarun nan a gwada, a sake rubutawa, maigida da uwargida su zauna su kwatanta. Wadda ta gina murhun laka ya yi kyau, ta kira maƙwabciyarta ta nuna mata. Limamai da masu unguwanni da malaman makarantun Islamiyya, ku taya mu isar da wannan saƙo ga waɗanda ba su ji shirin ba.